Waƙar da ta San Hanyar Dogarawa

Salamu alaikum, ku masu bin labarin jikata Ummulkhairi cikin waya. Yau ba ita za ku ji ba. Ni ne Rabo, kakanta, tsohon da take ce muku ya tsaya mata a ƙofar aure. An karanta mini abin da kuke rubutawa ƙarƙashin labarin, har da wadda ta ce a zuba mini maganin barci a fura a ɗaura auren kafin in farka. Na yafe mata. Ni ina faɗa, yarinyar tana rubutawa, kuma mun yi da ita ko tari na yi sai ta sa.

Ban taɓa taka ƙofar lakwal ba, makarantar boko ke nan, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Yunwar da ta kwashe shanun ƙasar ga ta same ni tsaye, ta bar ni tsaye. Sanƙarau ya kwantar da ni har anka fara cigiyar likkafani, na tashi na nemi tuwo. Kamyon, babbar motar ɗaukar albasa, ya kife da mu tsakanin Tsarnawa da Konni, na fito daga ƙarƙashin buhuna ina tambayar takalmina. Kafin wannan duka, ina saurayi, ni ne babban ɗan amshin makaɗin noma na yankinmu. Waƙa in ta shiga kunnena sau guda na san inda take ɗingishi. Ku riƙe wannan, don ta nan abin ya same ni.

Uban yarinyar ga, ɗana, shina Abijan wajen nema, ya bar maganar aurenta a hannuna. Samari biyu na kora. Na farko ya zo gaishe ni da wando yagagge a gwiwa, wai haka anka saye shi. Na biyu ya yi mini sallama daga bisa moto, wanda wasunku ke ce wa babur, bai ko kashe inji ba. Na uku shi ne Sabi'u, mai gyaran injin ban ruwa a lambunan albasa, ɗan Illela, ta hanyar Tawa fa, ba ta tsallaken iyaka ba. Wanga kam ta kafe a kanshi. Ta rame, ta daina yi mini tsiya, tuwo sai ta ja layi da yatsa ta tashi. Na ce mata ba ni cewa e, ba ni cewa a'a, sai na auna shi.

Ranar Talata da hantsi ina ƙarƙashin rumfa bisa buzuna, buta a dama, rediyo a hagu. Bayan danga matata na dakan yaji a ƙaramin turminta, don ita har gobe ba ta yarda inji ya taɓa mata yaji ba. Sunanta Larai, amma sunan ya daɗe da kwanciya. Duk garinmu Dogarawa Inna ake ce mata, ni kuma in ce “ke” ta amsa. In tana daka akwai wani ɗan amo da take yi can cikin maƙoshi, baki rufe, ba kalma ko guda. Yaran gida na ce mishi kurciyar Inna. Tun washegarin da anka kawo ta ɗakina ta fara shi, shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Ba majalisar da ban faɗa ba cewa ni ta tsara wa shi, don murnar ta samu namiji. Ba ta taɓa ƙaryata ni ba.

Sai ga Ummulkhairi ta fito cikin atamfa ruwan ganye, ɗankwali ɗaure gefe guda, ido ya sha kwalli, waya a hannu tana jan igiyar caji a ƙasa. Ta durƙusa bakin tabarma.

“Mijina, ka tashi lafiya?”

In ta ce mini mijina, akwai abin da take so.

“Amarya, yau kuma mi anka zo ci?”

“Ka ce sai ka auna shi. To ga ma'auni na kawo maka.”

Ta juyo mini fuskar wayar, mai tsaguwa daga kusurwa zuwa kusurwa. Ni ba karatu nake ba, amma na ga jajayen zukata jere kamar tumatir a faifai. Ta karanta mini: “Kin tashi lafiya, hasken idona?” “Kin karya?” “Ki gaida mini tsoho.” Na ce tsoho ya ji, a wuce. Ta ce ai babban na ƙasa, waƙa ce ya tsara mata da bakinshi, ya aiko da murya. Kwana ta yi tana ji.

“Kai da ka ce ka san waƙa, ji ka faɗi gaskiya. In ta yi, ka amince. Ka yarda?”

“In tashi ce kuma ta yi, na amince. Danna.”

Ta danna. Muryar yaron ba laifi, akwai ƙarar inji can bayanshi.

Na bi hanyar rijiya ni kaɗai,
Tulunki ba shi nan, na duba sarai,
Gero ya nuna, gari ya yi wasai,
Ni ko cikina babu sauran rai,
Ki sha ruwa ki tuna ni, Ummulkhairi.

Na sa hula sabuwa bisa kai,
Kowa ya ce ta yi mini ƙwarai,
Wadda na sa dominta ba ta ce komai,
Na tuɓe na riƙe, na yi tsai,
Ki sha ruwa ki tuna ni, Ummulkhairi.

Ta rungume wayar a ƙirji tana kallona. Ba ni ƙarya, waƙa ce ta gaske. Amma akwai abin da ya soke ni a kunne kamar ƙaya cikin takalmi. Na ce ta sake. Ta sake. Na ce ta ƙara.

“Matso, in koya miki abin da malamin lakwal ɗinku na Konni bai koya miki ba. Waƙa kamar raƙumi take. Ka dubi wutsiya, ka dubi tafiya, sa'an nan ka tambayi abin da ta ɗauko. Faɗa mini wutsiyar kowane layi.”

“Amsa-amo ake ce mishi, Kaka.”

“Ku ce mishi abin da kunka ga dama. Faɗi.”

“Kaɗai. Sarai. Wasai. Rai.”

“Uwa ɗaya uba ɗaya. Na ƙarshe fa?”

“Ummulkhairi.”

“Ri! Duka sun yi gabas, shi ya yi yamma.”

“To sunana ne, ƙaƙa zai yi da shi? Ya yanke mini wutsiya?”

“Wanda ya iya haɗa kaɗai da wasai ba yaro ba ne wajen waƙa. Irinshi daga sunan yarinya yake farawa, sa'an nan ya nemo wa sunan 'yan'uwa. Yanzu ji tafiyar.”

Na shiga buga gwiwata da tafin hannu ina bin layukan. Kowane layi bugu huɗu, daidai wa daida, kamar tabarya na sauka cikin turmi. Da na zo na ƙarshe, bugu ya ƙare suna bai ƙare ba.

“Kin ji? Sunanki ya cika layin har ya zube ƙasa. Saurari yaron wurin, gaggawa yake shina haɗiye shi kamar tuwo mai zafi. Gurbin ga na gajeren suna ne, mai ƙarewa da ai. Sa Jummai ki ji. Ki sha ruwa ki tuna ni, Jummai. Kin ji yadda ya zauna?”

Fuskarta ta fara sauyawa. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na gyara zama.

“Saura kayan da ta ɗauko. Yaushe rabonki da rijiya?”

“Kaka, ai salon magana ne.”

“Famfo na ƙofar gidanmu, da bokitin roba kike ɗiba. Tulu ko ɗaga shi ba ki iyawa. Hula fa? Kin taɓa ganin Sabi'u da hula? Kan nan nashi da anka aske rabi anka bar rabi?”

Ta kifa wayar bisa cinya.

“Kuma ki ji da kyau. Mai neman aure ba shi cewa ki tuna ni. Cewa yake ki jira ni. Shi yaron da murna yake rera ta, amma waƙar kuka take. Gero ya nuna, lokacin biki ke nan, gari na murna shi cikinshi ba rai. Wagga ba waƙar nema ba ce, waƙar wanda anka kayar ce. Wani namijin duniya ya ɗauke mishi yarinya ya bar shi da hula a hannu bakin rijiya.” Na yi dariya har na buge buta. “Ko wane ne wanga namiji, ina gaishe shi!”

“Kaka, don Allah…”

“Tsohuwar waƙa ce, ta wani ce, ya cire sunan wata ya cusa naki. Wanda ya fara da ɗauko muryar wani ya ce tashi ce, gobe mi zai ɗauko? Na faɗa, kuma kowa ya ji: mai satar waƙa ba shi zama cikin gidan Rabo.”

Hawaye ya wanke kwallin ya gangaro har haɓa. Ta ce ƙila kuskure na yi, ƙila yaron bai ƙware ba ne kawai. Ni Rabo, kuskure a waƙa? Na ce bari in tuɓe mata ita tsirara, in cire kalmomin duka in bar tafiyar kaɗai, ta ji da kunnenta cewa tafiyar mutanen da ce, ba ta yaran waya ba. Na rufe baki, na fara rera ta cikin maƙoshi, ina buga gwiwa.

Layi na farko. Layi na biyu.

A na uku na ji kamar baki biyu ke yi. Wata murya na tafe tare da tawa daga bayan danga, hawa ɗaya, sauka ɗaya, tabarya na faɗuwa daidai inda hannuna ke faɗuwa.

Na tsaya. Tabaryar ma ta tsaya.

Jama'a, kamyon ya kife da ni ban ji abin da na ji lokacin nan ba. Gidan ya yi tsit, har ina jin kaza na tono gindin rumbu. Ummulkhairi ta dube ni, ta dubi danga, ta sa hannu ta rufe baki.

“Kurciyar Inna,” ta ce a hankali. Sai leɓenta ya motsa, ina gani, tana gwada sunan kakarta a gurbin. Ba Jummai ba.

“Kira mini yaron,” na ce. “Buɗe yadda zan ji.”

Ya ɗauka da sauri. “Hasken ido…”

“Kakan hasken ne.”

Na ji ƙarfe ya faɗi can wajenshi. “Baba! Ina kwana, Baba, an tashi lafiya, ya gida, ya…”

“Waƙar wa ce?”

Sai na ji an kashe inji can wajenshi.

“Yaro, tambaya guda na yi. In ka yi mini ƙarya zan sani.”

“Ta kakana ce, Baba. Ni sunan kawai na sauya. Na so in faɗa mata, kunya ta hana ni.”

“Wa ne kakanka?”

“Alkasum. Idonshi ya tafi yanzu, ba shi fita. Ya ce da can mutumin wajenku ne, ƙila kun san shi.”

Na san shi mana. Dogo, siriri, mai yawan shiru, ɗan unguwar gabas. Ya bar gari kakar da na yi aure, anka ce ya koma wajen dangin uwarshi. Ban taɓa tambayar dalili ba. Mi ya haɗa ni da tafiyar mutumin da ko kokawa bai taɓa shiga ba?

“Satar ta ka yi, ko shi ya ba ka?”

“Shi ya ba ni. Na ce mishi ina neman wata a Dogarawa, ban iya magana mai daɗi ba. Ya ce jikar wa ce? Na ce jikar Rabo. Sai ya yi ta dariya har da tari. Ya ce kakarta na da rai? Na ce tana nan. Ya ce to zauna in koya maka wata, tafi da ita, ta san hanyar garin.”

Na miƙa wa yarinyar wayarta. Na tashi, gwiwoyina sunka yi ƙara, na zagaya danga.

Tana zaune bisa kujerar tsugunno, zanen saƙi ɗaure a ƙirji, tabarya kwance bisa cinya, jan yaji a yatsunta. Ba ta ɗaga kai ba.

“Larai.”

Sai ta ɗago. Ni kaina sunan ya yi mini baƙo a baki.

“Yau kuma da suna, Malam?”

“Kin ji?”

“Danga ce tsakaninmu, ba dutse ba.”

“Shekara hamsin kina daka mini fura da waƙar wani ƙato!”

“Furar ta taɓa yi maka gardi?” Ta kakkaɓe hannu. “Ka sha, ka yi ƙiba, ka tashi daga sanƙarau da ita.”

“Na bi gari ina cewa ni kika yi wa!”

“Kai ka faɗa. Ka taɓa tambayata?”

Ni da ko jandarma mai bindiga bai taɓa rufe mini baki ba, yau ta rufe mini shi.

“Zauna, kar ka faɗi bisa turmina,” ta ce. Na zauna bisa kututture. “Ban ji ta daga bakinshi ba. Ranar da ake mini lalle 'yan mata sunka kawo ta daga rijiya, suna dariya. Shi bai taɓa taka ƙofar babana ba. Shina can bakin rijiya shina jiran tulu. Kai kuwa ka zo, ka cika zaure da surutu, ka ce ka kashe kura da hannu.”

“Na kashe ta!”

“Kare ne, Malam, duk gari ya sani. Amma ka zo. Shi ya iya waƙa, kai ka iya zuwa.”

“To mi ya sa kika riƙe ta?”

“Ta yi daɗi. Kai ma yanzu ka ce a sake, a ƙara. Na zubar da kalmomin bakin ƙofarka, na shigo da tafiyar, don ta dace da hannuna.”

Sa'an nan na yi tambayar da ban taɓa zaton bakina zai yi ba.

“Kin so shi?”

Ta ɗauki faifai ta rufe turmin. “Yajin ga zai sha iska.”

“Larai!”

“Bar wannan, ba ita ce gabanmu ba. Na ji ka yanke hukunci, har kana cewa kowa ya ji. Mai satar waƙa ba shi zama gidan Rabo. To shi yaron kyauta anka ba shi ita, kuma da ka tambaye shi bai ɓoye ba. Ni ba wanda ya ba ni. Ɗauka na yi, na ɓoye cikin maƙoshi, na haifa maka 'ya'ya da ita a baki. In hukuncin na nan, fara da ni. Akwatina bai da nauyi.”

Na waiwaya. Ummulkhairi na tsaye bakin danga, kwalli ya ɓata mata fuska, tana riƙe da wayar da hannu biyu. Kakarta ba ta ko dube ta ba, amma na gane su biyun gefe guda suke, ni kaɗai ne a nawa.

Ku da kuke cewa ni mai taurin kai ne, ku ji. Namiji shi ne wanda ya san lokacin da ƙasa ta zame mishi. Ban ci tuwon rana ba. Na yi azahar, na zauna cikin masallaci har kowa ya watse, ina ta juya maganar da na yi da bakina: wani namijin duniya ya ɗauke mishi yarinya, ina gaishe shi. Ashe kaina na gaisar. To wa ya yi asara? Shi da waƙa, ni da mai waƙar. Na ce haka a raina sau da yawa. Wani lokaci maganar ta zauna, wani lokaci ta ƙi.

Da la'asar na kira yarinyar.

“Gaya wa mai injin nan na amince.”

Ta yi wani ihu har awaki sunka watse. Ta faɗo mini a wuya.

“Tsaya, da sharaɗi. Ba kawu ba, ba wakili ba. Alkasum da kanshi zai zo neman auren. Wancan karon bai iya taka ƙofa ba, ya aiko waƙa ta rijiya. Wanga karon ya aiko ta waya. Ya isa. Ya zo zaurena, ya zauna bisa tabarmata, ya buɗe baki ya roƙi Rabo.”

Ta rubuta. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Ta karanta, ta ciji leɓe.

“Mi ya ce?”

“Wai tsohon ya ce Juma'a bayan masallaci. Wai dama abin da yake jira ke nan.”

Tun daga ranar nan turmin gidana bai sake kuka ba. Tana daka, amma baki da maƙoshi duk a rufe, sai ƙarar itace bisa itace kamar ana kafa turke. Furar ma, wallahi, ba ta sauka daidai.

Ranar Laraba na ji ta tana aiken Ummulkhairi kasuwar Konni, wai ta sayo mata lalle da sabon kallabi. Na ce lallen mi, biki sai bayan an ɗaure gero? Ta ce ƙafarta ke kaushi. Na ce to. Na ɗauki sandata na tare kabu-kabu, ni ma na nufi Konni. Ba don kowa ba. Hulata ce ta tsufa.

Yau Juma'a. Na sa farar shaddata mai aiki a wuya, na kafa sabuwar hula mai ruwan zuma. Daga masallaci zuwa gida ba wanda bai tsayar da ni ba. Liman ya ce ta yi. Mai shayi ya ce na koma saurayi. Ummulkhairi ta bi ni da kallo ta ce, “Kaka, baƙon naka fa ba shi gani. Wa ka sa wa?”

Na ce ta rubuta abin da anka ce ta rubuta.

Na leƙa bayan danga. Tana zaune da sabon kallabi, ƙafa ja wur da lalle, tana tsince shinkafar baƙi. Na yi gyaran murya. Ta ɗago, ta dubi hular, ta dube ni, ta mayar da kai ga faifai. Ba ta ce komai ba.

Ban san lokacin da na tuɓe hular ba. Ina nan tsaye tsakar gida, hula a hannu, sai na ji moto ya tsaya ƙofar gida, an kashe inji. Na ji sanda na laluben dokin ƙofa, da wata tsohuwar murya siririya tana sallama.

Bayan danga, can ƙasa-ƙasa, kurciya ta fara.